Datuk Ya Sha Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kicin mai cike da kwanukan da ba a wanke ba, ni Zaiton matar Rosdi, a madadin iyalan gida na kusa da ƙarshe a layinmu na nan Ipoh, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar injin wanke-wankenmu, wanda aka fi sani da Datuk. Ya rasu ranar Talatar nan da hantsi, a bakin aikinsa, ƙofarsa a rufe, cikinsa cike da ruwa. Ya rasu muna shirin buɗe gida ranar Asabar don baƙin bayan Sallah, wato ya zaɓi lokacin da ya fi kowanne ciwo. Gawarsa tana nan a kicin har yanzu, an jingine ta kusa da ƙofar baya, kuma ta fara wari. Dalilin da ya hana a fitar da ita yana can ƙasa, mai haƙurin karatu zai iske shi.

A tsaye nake wannan rubutu, domin na kasa zama. In na zauna sai in miƙe in leƙa taga, in na leƙa sai in dawo in ɗauki waya. Na sa sanarwar a zauren unguwa na waya ne saboda kowa yana ciki, har da wadda nake so ta karanta, wato maƙwabciyata Anti Geok, wadda ta daina yi min magana tun ranar rasuwar. Inji ana sayen wani. Abin da ke hana ni sukuni ita ce.

Marigayin ba haifaffen gidanmu ba ne, ɗan riƙo ne. A gidan Anti Geok ya fara rayuwa. Ita dattijuwa ce daga cikin Sinawan garin nan, katanga ɗaya ta raba kicin ɗinmu da nata fiye da shekara ashirin. Ɗanta da ke aiki a Singapore ne ya saya mata shi. Da mijinta ya rasu, sai ta leƙo ta saman katanga wata safiya ta same ni ina wanke tukunya, hannuwana duk sun tsattsage saboda sabulu ba ya shiri da fatata.

"Ton, dubi hannunki kamar bayan busasshen kifi," ta ce. "Ni da kwano ɗaya da cokali ɗaya, injin me zan yi? Kunya ma nake ji in kunna shi. Ki turo mijinki ya ɗauka, ya yi wani abu mai amfani sau ɗaya a rayuwarsa."

Aka shigo da shi ta lungun baya. Ban tambaye ta abin da ya taɓa wankewa a gidanta ba, ita ma ba ta ce komai ba. A layinmu haka ake zama, akwai abubuwan da kowa ya sani amma ba a furtawa. Muka kunna shi babu komai a ciki da ruwan zafi, muka yi bisimilla, ya kama aiki.

Mai gidana, wanda nake kira Abang, shi ya laƙaba masa Datuk, irin sarautar da ake ba manyan mutane, saboda ba ya ɗaga ko yatsa sai an jera masa komai yadda yake so. A zuba masa gishirinsa, a saka masa sabulunsa a aljihu, a rufe masa ƙofa a hankali. In an yi haka sai ya yi gyaran murya, tit, ya ja ruwa, shuuu, ya share awa biyu a kan abin da ni zan gama kafin shayi ya huce. Amma fa in ya gama, ya gama.

Ina shaida, kuma duk wanda ya taɓa cin abinci a gidanmu zai shaida, cewa marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar wanda ya ci ya bar kwanonsa a falo ba. Bai taɓa cewa jiya ni na wanke, yau kai ne ba. Man kwakwa da ya daskare a faranti, jan yajin da ke kama roba ya ƙi fita, ƙanzon shinkafa, miyar gyaɗa da ta kwana, duk ya karɓa bai yamutsa fuska ba. Ya raba ni faɗa da Abang fiye da yadda dattawan danginmu suka yi gaba ɗayansu. Mai rufin asiri ne kuma. Sau da yawa baƙi sukan yi sallama babu sanarwa, in tattara tukwane masu datti in cusa masa, in rufe, ya kama bakinsa har su tafi suna yabon tsaftata. A shekara shidan da ya yi a gidan nan hannuwana suka warke har na koma sa zobe.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, ba a ƙarya a kan mamaci. Ya narkar min da murafen roba masu yawa. Ya taɓa wanke baƙin kaskon suyar Abang, wanda ya yi shekaru yana tara masa baƙi da mai, ya fito da shi fari tas kamar sabo. Abang ya yi makoki, ya ce taliyarsa ba ta ƙara daɗi ba tun daga ranar. Ni dai ban ji bambanci ba.

Kamar kowane dattijo, yana da 'yan cututtukansa, kuma ba ya ɓoye su. Akwai ɗan allo a goshinsa inda yake rubuta abin da ke damunsa, harafi ɗaya da lamba ɗaya, ya bi da kuka, tit-tit-tit, har sai an zo. Na haddace su kamar sunayen 'ya'yana.

In ya rubuta E1, ƙishi yake ji, ruwa ba ya shiga. Sai in fara duba ko an ɗauke ruwa a unguwa. In akwai, in durƙusa in ga ko Abang ya rufe ƙaramin famfon da ke ƙarƙashi ya manta, wanda yawanci shi ne. In ba shi ba ne, to tiyo ya lanƙwashe a baya, ko 'yar rariyar da ke bakin tiyon ta cika da tsatsa, a kwance a ɗauraye a mayar. In ya rubuta E3, sanyi ya kama shi, ruwansa ya ƙi zafi, faranti su fito da maiƙo kamar ba a taɓa su ba. Wannan wani lokaci cire shi daga wuta a bar shi ya huta ya isa. Sau ɗaya ne bai isa ba, sai da aka sauya masa ƙarfen ɗumama ruwa.

E4 ita ce babbar cutarsa, ruwa ya zubo a gindinsa. Ta fara kama shi ne ranar da sabulunsa ya ƙare, 'yata Liyana ta ce ai sabulu sabulu ne, ta tsiyaya masa na wanke-wanken hannu. Kumfa ya fito ta ƙarƙashin ƙofa ya ratsa kicin ya isa falo, kyanwa ta hau kan firij ta ƙi sauka. Maganinta shi ne a cire wuta, a rufe ruwa, a zaro shi, a karkata shi har abin da ya taru a ƙasa ya tsiyaye, a bar shi ya bushe. Na yi masa haka ba sau ɗaya ba, ni kaɗai, Abang yana tsaye yana riƙe da fitilar waya yana ba da shawara.

Akwai kuma waɗanda ba ya rubutawa, sai mai kula ya gane. In ruwa ya kwanta a ƙasa ya ƙi fita, matatar ruwansa ce ta toshe. Sai in murɗe ta in fito da ita, in tarar da tarihin gidanmu na mako guda: shinkafa, ƙayar kifi, 'ya'yan barkono, da robar ɗaure ƙunshin abincin safe. Tsohon buroshin haƙori ya ishe ta. In kwanukan sama sun fito da datti, ramukan hannayen feshi ne suka toshe, tsinken tsire ke buɗe su. In kofuna sun yi hazo, gishirinsa ya ƙare. Shekarar da ya riƙa kunna kansa yana kashewa, tsaka ce ta shiga bayan allonsa ta mutu a can. Na faɗi duk wannan ne don kada wani ya je yana cewa sakaci ne ya kashe shi.

Ajalinsa ya iso a motar bas daga ƙauye, da jaka biyu da damin ayaba. Ba ina nufin surukata Mak Esah ita ce ajalin ba, Allah ya kiyaye bakina, tare dai suka iso. Kullum mu ne muke tafiya wajenta Sallah. Bana gwiwarta ta matsa, likitanta yana nan gari, sai ta zo mana. Tun ranar farko ba ta yarda da Datuk ba. Takan fito da faranti daga cikinsa, ta ɗaga a haske, ta sunsuna, ta sake ɗauraye shi a famfo. Amma a zatonta sayen shi muka yi, kuma babu wanda ya ce mata ba haka ba, tunda ba ta tambaya ba.

Ranar Litinin ina shanya a baya, Mak tana zaune a bakin ƙofa tana gyaran barkono, sai Anti Geok ta leƙo.

"Ton, yaya tsohon nawa? Yana wanke muku da kyau ko ya fara taurin kai? A gidana fa ba abin da yake ƙi."

Na amsa mata, muka yi dariya, ta gaida Mak, Mak ta amsa da fara'a har da tambayar ɗanta. Da ta shige, wuƙar Mak ta tsaya.

"Ton, tsohon wa?"

"Injin ne, Mak."

"Nata ne?"

"Nata ne da."

"An yi masa sertu?"

Wato wankin da ake yi wa abin da alade ko kare ya taɓa, sau bakwai, ɗaya da ruwan ƙasa. Na ce mata, Mak, shekara shida ke nan.

"Ban tambaye ki shekarunsa ba."

"Mun wanke shi da ruwan zafi, Mak."

"Ruwan zafi ƙasa ne?"

Ta dubi kofin shayin da ke gefenta, ta ture shi da ɗan yatsa. Abang, da ya fito neman tawul, ya ce to a tambayi Anti mana, ga ta nan, katanga ce kawai. Mak ta juyo masa kamar ya zagi wani.

"Ka haukace? Mace mai kirki haka, ta ba ku kyauta, sai ka je ka tsaya kana tambayarta abin da take dafawa a tukunyarta? Haka na rene ka? Ba wanda zai ci mata mutunci ina gidan nan. Ku bar min wannan."

Muka bar mata, a zatonmu magana ce za ta wuce kamar sauran.

Ranar Talata muka tafi kasuwa ni da Abang sayen nama da kwakwa. Mak, da wannan gwiwar da ta hana ta hawa bene, ta ɗauki bokiti da tsohon cokalin miya ta je gindin gwandar baya ta haƙo jar ƙasa. Ban ce hukuncin ba daidai ba ne, ni ma a kansa aka rene ni. Amma ɗan kaɗan ake sawa a ruwa, a dama, a bari ya kwanta. Mak ba ta yin abu rabi-rabi. Ta yi lissafi cewa shekara shida ba za su fita da ɗan kaɗan ba. Ta dama rabin bokiti, da tsakuwarsa da saiwoyinsa, ta juye masa a ciki, ta rufe ƙofa a hankali yadda ta ga ina yi, ta danna maɓalli.

Tun daga bakin gida na ji muryarsa, kuma ba muryar da na sani ba ce. Maimakon shuuu, ƙar-ƙar-ƙar yake yi kamar ana niƙa duwatsu. Na jefar da kwakwa na ruga. Jan ruwa yana malalowa ta ƙarƙashinsa, goshinsa ya rubuta E4. Na yi masa abin da na saba, na cire wuta, na karkata shi, na jira, na mayar. Ya rubuta E1, alhali ga ruwa nan yana zuwa. Na duba tiyo, na duba famfo, na murɗe matata na tarar da laka har wuya. Na kwashe da hannu, na sake kunnawa. Ya yi wani nishi mai tsawo, mmmm, irin na wanda yake son tashi ya kasa. Ƙaurin wuta ya tashi. Allon ya rubuta E kaɗai, babu lamba, kamar ya fara magana ya rasa ta cewa. Sai ya yi tiiit guda ɗaya, ya ɗauke.

Mak tana tsaye a bayana da bokiti cike da ruwa mai kyau.

"Ki matsa," ta ce. "Wannan na farko ne, saura shida."

Aka kira Shukor mai gyara, wanda ya saba duba shi, yake kuma kirana Kak, wato Yaya. Mutumin kirki ne, amma muryarsa ba ta da maɓallin ragewa. Ya ja gawar zuwa ƙofar baya don ya samu haske, ya buɗe cikinta, ya zura hannu ya fito da dunƙulen laka.

"Kak Ton! Wa ya yi noma a nan? Masara za ku shuka ko rogo?"

Na ce ya dubi abin da ya kawo shi. Ya ce tsakuwa ta karya fukafukin famfon fitar da ruwa, ɗan injin da ke juya shi ya yi ta fama har ya ƙone, ruwa kuma ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwar. Na ce to a gyara.

"Kak, ni mai gyara ne, ba mai tayar da matattu ba."

Ya murza lakar tsakanin yatsunsa, ya dubi bokitin, ya dubi Mak, sai ya gane. Ya fashe da dariya.

"Sertu aka yi masa? Wallahi sertu ne! Kai, ban taɓa gani ba! Daga gidan Sinawa kuka samo shi, ko?"

Na yi masa alama da ido, na yi da hannu, saura kaɗan in cusa masa tsumma a baki. Duk lokacin nan ana jin ƙarar tiyo a bayan katanga, Anti Geok tana ba shukokinta ruwa. Sai ƙarar ta tsaya.

Ta hau ɗan bencin da take hawa in za ta yi min magana. Kanta ya ɓullo. Ta dubi gawar, ta dubi lakar da ta ɓata siminti.

"Jar ƙasa kuka sa?" ta ce. "Ba a sa ja, tana da tsakuwa. Akwai sabulun yumɓu a kantin magani, fari, an yi shi don haka. Shi na sa."

Ta dube ni.

"Kafin in ba ki, Ton. Na tambayi yarinyar kantin ta nuna min yadda kuke yi. Na cire kwanduna, na cire matata, na cire hannayen nan masu juyawa. Ɗaya da yumɓu, shida da ruwa. Sai da na shige cikinsa har ƙugu don in kai can ƙurya."

"Anti, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In ce miki me? In ce Ton, na wanke dauɗata, yanzu za ki iya karɓa?"

Ta juya wajen Mak.

"Kak Esah, kin yi daidai. Da ni ce ke, haka zan yi."

Ta sauka daga bencin. Wallahi da zagin mu ta yi da ya fi min sauƙi.

Da la'asar na tarar da farantinmu a kan katanga, wanda na kai mata nama a ciki ranar Sallah. Yana cikin leda, ba a wanke ba, kuma babu komai a kai. A tsawon zamanmu farantina bai taɓa dawowa daga gidanta wayam ba. Lemo ne, ko 'ya'yan itace daga bishiyarta, ko biskit a gwangwanin da ba a buɗe ba. Ina tsaye riƙe da ledar sai na lura cewa ko sau ɗaya ba ta taɓa miƙo min abin da ya fito daga tukunyarta ba, kuma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin abin da hakan yake ci mata ba. Ta yi magana daga bayan tagarta.

"Ban wanke ba, kada ku yi aiki biyu."

Ta rufe tagar. Na ƙwanƙwasa ƙofarta ta gaba, ba ta buɗe ba. Na aika saƙo, ta karanta, ba ta amsa ba.

Ga dalilin da ya sa gawa take kicin. Bayan Datuk ya shigo gidan nan mun sa an yi mana kabad-kabad, ƙofar da ke tsakanin kicin da falo ta matse, ba zai bi ta nan ba. Hanyarsa ɗaya ce, ta inda ya shigo, wato lungun baya. Lungun yana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, marigayi mijin Anti Geok ne ya sa shi shekarar da ɓarayi suka addabi layin. Makulli biyu ne. Namu Abang ya ɓatar da shi tuntuni. Ɗayan yana wajenta.

Abang ya ce a yanke kwaɗon, na ce in ya taɓa kwaɗon mamacin mutane ya nemi wani gidan. Ya ce to a farfasa gawar da guduma a fitar a buhu ta gaba. Na ƙi wannan ma. In aka fitar da shi ba tare da makullinta ba, na san ba mu da sauran dalilin ƙwanƙwasa mata ƙofa, kuma za mu tsufa katanga ɗaya muna gaisuwar kai. Gara warin.

Mak kuwa ta rage cin abinci. Ta sa Abang ya kai ta wajen ustazun masallacin unguwa, ya ce mata zato ba najasa ba ne, abin da ba a gani ba ba a bincika shi. Ta dawo tana fushi da shi ma, wai me ya hana shi faɗa tun ranar Litinin.

Marigayin ya rasu ya bar kwanduna biyu, na sama da na ƙasa, da ƙaramin kwandon cokula wanda tuni aka mayar da shi gidan albasa. Ya bar rabin kwalin sabulu da buhun gishirin da ba a ci, marayu ba su da mai riƙo. Ya bar yayansa firij, wanda shi ma ya fara tari, da ƙanwarsa tukunyar shinkafa, wadda ke cikin ƙoshin lafiya kuma ita ce ta fi kowa ba shi aiki. Ya bar Abang, wanda ciwon bayansa ya tashi daidai lokacin rasuwar, da Liyana, wadda ta bugo daga makaranta ta yi kuka sosai sannan ta ce jarrabawa za ta hana ta zuwa. Ya bar hannuwana, sun fara tsagewa, na cire zobe. Ya kuma bar uwar da ta rene shi, Anti Geok, wadda ya kamata a ce ita muke yi wa ta'aziyya.

Game da jana'iza. Mai motar sayen tsoffin jaridu da ƙarafa ya yarda zai ɗauki gawar da zarar an kira shi. Ana buƙatar maza huɗu masu lafiyayyen baya, saboda haka ban sa Abang a lissafi ba. Zaman makoki zai haɗu da buɗe gida ranar Asabar, ba a fasa ba, an riga an sayi nama. Duk mai zuwa ya sani cewa wanda ya ci zai wanke, maza da mata, babu babba babu yaro. Ba a buƙatar furanni. Ba a buƙatar ƙasa, ya samu rabonsa. Shukor yana iya zuwa, amma ya bar muryarsa a mota.

Lokacin fitar da gawa ne ban iya rubutawa ba, domin ba a hannuna yake ba. Na tsaya a nan ina kallon wurin da babu komai, na je taga na dawo. Mak tana can waje. Tun da safe ta ja kujerar tsugunno ta zauna a gindin katanga, cikin rana, ba ta gyaran barkono ba ta komai. Na ce ta shigo, ta ce in kula da rubutuna. Yanzu ina jin ta tana gyaran murya.

"Geok."

Ta sake kira.

"Geok, na san kina nan, ina jin takalminki. Rana ta gasa ni, ƙishi nake ji. Ki ba ni ruwa."

Famfonmu yana bayanta, hannu kawai za ta miƙa. Sai na ji sakatar taga.

"Akwai na gora a firij, ba a buɗe ba. In kawo?"

"Na gora ɓata min ciki yake yi. Na butarki nake so."



"A wane kofi, Kak Esah?"

"A wanda kike sha mana. Ke kaɗai a gida, kofi nawa gare ki?"

Na ji an ja benci. Hannu ya ɓullo ta saman katanga da wani tsohon kofi mai ɓantararren baki, shayi ya rina cikinsa. Mak ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta shanye har ɗigon ƙarshe. Ta goge baki da gefen mayafi.

"Bai yi sanyi ba," ta ce.

"Kin kashe min inji, kuma ki raina min ruwa?"

"Ƙaro min dai."

Na fita da waya a hannu, na tambayi Anti Geok da bakina ko za ta zo ranar Asabar. Ba ta dube ni sosai ba. Ta ce in fara fitar da gawata tukuna, warin ya isa ɗakin kwananta.

Saboda haka, za a fitar da Datuk gobe da hantsi in Allah ya kai mu, ta ƙofar baya. Masu ɗaukar gawa su zo da wuri, mai makullin ta ce ba za ta jira kowa ba.